Romon Dutse: Tsakanin Majinyaci Da Masu Jinya

Hausawa suna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Shekaru da dama ke nan ina koyar da wannan karin magana a aji, in rubuta shi a allo, yara su kwafa, idan jarrabawa ta zo su mayar mini da shi yadda na ba su, ni kuma in ba su makinsu. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, shin mai dafa dutsen da mai shan romon mutum ɗaya ne, ko kuwa mutum biyu ne? Sai da Allah Ya kawo wani al'amari cikin gidanmu a nan Gwiwa, a hunturun shekarar 2023, sannan wannan tambaya ta zo ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta, mu tattauna, domin an ce shawara ɗaukar ɗaki.

Yayana, wanda shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ɗan kasuwa ne mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Allah Ya yi masa buɗi daidai gwargwado, kuma jikinsa ya bi buɗin. Da farko abin sha'awa ne. Duk sanda ya zo gida sallah, sai ka ji mutane suna cewa, "Kai, Alhaji ya ji daɗi, hutu ya karɓe shi." A hankali ƙiba ta zama teɓa, teɓa ta jawo ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyi suka gaza, har ta kai ga mutumin da yake ɗaukar buhun gero a ka lokacin ƙuruciya ya koma yin salla a kan kujera. Da dare kuwa numfashinsa yakan ɗauke cikin barci, sai ya farka a firgice. Ya sha magani, ya yi ƙoƙarin rage ci ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, abin yana tafiya yana dawowa. Daga ƙarshe likitansa na Kano ya ba shi shawarar tiyata, ya tafi birnin Alƙahira na ƙasar Masar aka yi masa.

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, saboda haka zan faɗi abin da na fahimta kawai daga takardunsa da kuma ɗan karance-karancen da larura ta sa na yi. Aikin rage ƙiba ba sabon abu ba ne. Wani likita Ba'amurke mai suna Edward Mason, na Jami'ar Iowa, ya lura cewa mutanen da aka yanke wa wani sashe na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame bayan aikin, sai ya yi amfani da wannan lura ya soma irin aikin da ake ratse tumbi a haɗa shi da hanji, a shekarar 1966. Wanda aka yi wa yayana wani iri ne daban, wanda Turawa suke kira da sunan hannun riga. Ana huda ciki wuri huɗu ko biyar, a zura kayan aiki da 'yar na'urar ɗaukar hoto, a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a ɗinke ragowar da 'yan ƙananan ƙarafa, kwatankwacin waɗanda muke maƙale takardun jarrabawa da su. Tumbin da a da yake ɗaukar fiye da lita guda, sai ya koma siriri kamar ayaba, abin da zai ɗauka bai wuce ɗan kofin shayi ba. (Na san kalmar tumbi ta fi zama a bakinmu idan ana maganar ragon layya, to amma ɗan Adam ma shi ke gare shi, sai dai mu yi haƙuri da juna.)

Kwana takwas da aiki ya dawo Nijeriya, ya ce ba zai yi jinya a Kano ba, don ya san 'yan dubiya ba za su bar shi ya huta ba. Gida zai zo, wurin Inna. Da ya san abin da ke jiransa, wataƙila da ya sake shawara.

Ya zo da uwargidansa da wata takarda mai shafi huɗu da Ingilishi, aka danƙa mini ita, tun da ni ne ɗan bokon gida. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne, mako uku cif ba zai sa komai a bakinsa ba sai mai ruwa-ruwa wanda babu gaya ko ƙwara a cikinsa. Bayan nan mako biyu na abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye, sannan abinci mai taushi, sannan a hankali a koma ga na kowa. An ce asibitoci sun ɗan bambanta a yawan kwanakin, amma manufar ɗaya ce, wato a bar ɗinkin nan ya warke, domin idan ya ɓalle abin da ke cikin tumbi ya tsiyaya cikin ciki, rai ne a kan siraɗi. Ana so ya sha ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, amma ba kwankwaɗa ba, kurɓi-kurɓi, kamar tsuntsu. Ana so ya sami furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80 kullum, don kada jiki ya koma cin naman kansa. Ba lemon kwalba mai gas, ba zaƙi mai yawa, ba yaji, ba maiƙo. Ga kuma ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini waɗanda aka ce shi da su har iyakar rayuwa.

To, a takarda abu ne mai sauƙi. Muka zauna ni da uwargidansa muka mayar da shi Hausa: romon kaza da aka kwashe kitsensa aka tace, kindirmo da aka tsinka da ruwa, madarar waken suya, koko tsararo ba sukari, ruwan shayi mara ƙarfi, da wani gari na gwangwani da ya zo da shi daga Masar. Fura da nono, wadda kowa ya zaci ita ce za ta fitar da mu kunya, ba ta shiga ba, saboda gayanta da kayan yajinta. Na rubuta jadawali irin na makaranta na manna a bangon ɗakinsa, ina ta jin daɗi a raina cewa ilmi ya yi rana.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, Yaya ba ya jin yunwa. Na zaci zai riƙa murƙususu irin na mai azumin bazara, sai na ga ba haka ba. Ashe sashen tumbin da aka yanke shi ne ya fi fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda masana a ƙasar Japan suka gano a 1999, shi ne ɗan aiken da ke zuwa ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ciki ya zama wofi. An rage ɗan aike, saƙo ya ragu. To in ba yunwa, mene ne yake sa babban mutum ya juya fuska bango idan an shigo da kofi? Wata rana bayan la'asar na tambaye shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, haƙorana ne ba su da aikin yi. Kuma hannuna. Shekara hamsin ina wanke hannu in sa a kwano, yanzu sai dai in wanke in share a riga."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mu Hausawa mun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma ba mu faɗi ɗaya ɓangaren ba, wato shi ma tuwon ba don ciki kaɗai ake tuƙa shi ba. Ka duba da kyau, ya kai mai karatu, ka ga abin da muke yi da abinci. Da shi muke maraba da baƙo, tun kafin mu tambaye shi abin da ke tafe da shi. Da shi ake biko, da shi ake barka, da shi ake ta'aziyya. Idan mutum biyu sun ɓata aka sasanta su, ba a tabbatar an shirya ba sai an ga hannuwansu cikin kwano ɗaya. Kalmar nan ta "bisimilla" da mai cin abinci yake jefa wa mai wucewa, ko da ya san ba zai ci ba, shaida ce cewa na gan ka, kai mutum ne, ba bare ba. Har ma mun tsoratar da kanmu da cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. A zauren gidanmu, bayan magariba, kowane magidanci na layinmu yakan fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare, al'adar da muke kira ciyayya. Lokacin kuwa kaka ce ta wuce ba da daɗewa ba, ga sabon gero, ga sabuwar dawa, ga wake, ƙamshin miyar kuka da daddawa da man shanu yana shiga har ɗakin majinyaci. Yaya yana kwance yana jin ƙarar murfin kwanoni da dariyar abokan ƙuruciyarsa. Ba tuwon ne ya fi yi masa ciwo ba, an cire shi daga cikin mutane ne.

Sai kuma 'yan dubiya. An ce zumunta a ƙafa take, to mun ga ƙafafu. Daga Roni, daga Kazaure, daga Babura inda ƙanwarmu take aure, har da abokan kasuwa daga Kano, kuma babu mai zuwa hannu rabbana. Wannan farfesun kan rago, wancan 'yan shila, wancan dambun nama, wani ma tsire ya tsaya ya saya a hanya. Kowa ya ajiye sai ya ce, "Alhaji, a daure a ci, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ni ne mai tsaron ƙofa, ni ne mai bayani, kuma na ga yadda fuskar mutum take sauyawa idan an ce masa abin da ya ɗauko daga nesa ba za a taɓa ba. Wasu sun fahimta. Wasu sun tafi da zaton girman kai ne na masu kuɗi, ko kuma tsoron sammu ake yi. Wata gwaggonmu ta faɗa mini a gaban jama'a, "Kai ɗan nan, boko ne zai sa ku kashe ɗan'uwanku da yunwa?"

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan al'amarin Inna. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san alkunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Yaya, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama ta yi hira da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ko labarinsa ake yi sai ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. In tana son magana da shi, ta bakina take bi: "Ka ce wa wancan kaza." Shekara hamsin da 'yan kai, kalmar da take da ita guda ɗaya ce tak wadda al'ada ba ta hana ta ba, ita ce kwano. Duk zuwan da zai yi gida, ita da kanta take shiga madafa, duk da surukai da jikoki da suka cika gida, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuɓewa busasshiya yadda yake so, ta aika masa. Idan kwano ya dawo wayam, ta ji amsa. Wannan ita ce hirarsu, ita ce gaisuwarsu, ita ce "na yi kewarka" da "Allah Ya yi maka albarka". Wuƙar likitan Masar ba tumbin Yaya kaɗai ta yanka ba, ta haɗa da harshen Inna, mu kuwa ba mu lura ba.

Ga ta tana kallon ɗanta yana zubewa kullum, riga tana yi masa yawa, wuya yana fitowa. A idon likita wannan nasara ce. A idon tsohuwar da ta ga yunwar farin shekarun 1973 da 1984, ta kuma binne 'ya'ya biyu suna ƙanana, rama ba ta da wata fassara sai ɗaya.

Ranar kwana na goma sha huɗu da aiki, ina makaranta, uwargidan Yaya ta shiga wanka, sai Inna ta aiki wata jikarta da ɗan ƙaramin kwano. Tuwo ne mai laushi, loma uku ba ta cika ba, ta kwaɓa shi da miya sosai. Yaya ya kalli kwanon, ya san daga inda ya fito, ya san kuma abin da mayar da shi yake nufi. Ya wanke hannu ya ci loma biyu. Kafin a jima sai ciwo ya turnuƙe shi a ƙahon zuci, ga gumi, ga amai. Aka aiko mini, na baro aji da gudu. Muka buga wa likitansa na Kano waya, ya yi tambayoyi, ko akwai zazzaɓi, ko zuciya tana bugawa da sauri, ko ciwon yana hawa kafaɗa, ya ce a dakatar da komai sai kurɓin ruwa, in ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana a ɗauko shi ko da tsakar dare ne. Muka kwana a zaune da mota a ƙofar gida. Allah Ya kiyaye, ɗinki bai taɓu ba.

A daren nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na shiga ɗakin Inna da takardar nan a hannu, na ɗaga murya a kan mahaifiyata, na ce da ya mutu da ita ce ta kashe shi. Ba ta ce mini komai ba. Ta dai jawo mayafi ta rufe fuska.

To, a nan ne tambayar take, kuma ina roƙon mai karatu kada ya yi saurin yanke hukunci. Mu uku ne a cikin wannan al'amari, wa ya yi laifi? In ka ce Inna, sai in ce maka niyyarta ta fi ta kowa kyau a gidan nan, kuma ba ta san abin da ake kira ɗinkin tumbi ba. In ka ce ai niyya ta wadatar, sai in ce da ɗinkin ya ɓalle, kyakkyawar niyya ba za ta toshe shi ba. Ƙauna ba ta mayar da guba magani. Akwai wata irin ƙauna wadda take ba mutum abin da mai bayarwa yake buƙatar ya bayar, ba abin da mai karɓa yake buƙata ba, kuma mafi yawan dubiyarmu irin wannan ce. Muna kai farfesu don mu sauke nauyi, don hankalinmu ya kwanta, don kada a ce ba mu kyauta ba. Malamai ma suna kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana a tilasta wa marar lafiya ci da sha, amma ban taɓa jin an tuna da shi a bakin gadon asibiti ba.

In ka ce Yaya ne mai laifi, domin shi ya ji gargaɗin likita da kunnensa, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira, ka faɗi gaskiya. Biyayya ga iyaye ba ta kai ga mutum ya jefa kansa ga halaka ba, kuma na tabbata da Inna ta san haɗarin, da ita ce za ta fara fizge kwanon. Sai dai ban yarda da masu cewa kwaɗayi ne ya ja shi ba. Mutumin da ya kawar da kai daga 'yan shila da dambun nama har kwana shida, ba loma biyu ta tuwon dawa ce za ta karya shi ba. Ya gwammace ciwon ciki da ya mayar wa uwarsa magana. Kuskure ne, amma kuskuren ɗan halak ne.

Da na natsu, sai na ga kaso mafi girma nawa ne. Ni ne mai takarda. Na fassara ta ga uwargidansa, na manna jadawali a bango, na yi wa baƙi lacca, amma ban taɓa zama a gaban Inna na yi mata bayani da harshen da za ta gane ba. Na ɗauka tsohuwa ce, ba ruwanta da wannan, a dai gaya mata "an hana". Mu 'yan boko muna da wannan hali. Mukan riƙe ilmi kamar sandar dogari, mu tare hanya da shi, ba mu cika mayar da shi fitila ba. Na hana ta hanya ɗaya tilo da take da ita ta zuwa wurin ɗanta, ban buɗe mata wata ba, sannan na yi mamaki da ta haura katanga. Ni da nake da takardar shaidar koyarwa, wanda aka koya wa cewa ana fara darasi ne daga abin da ɗalibi ya sani!

Akwai wata magana kuma da ba zan tsallake ba, don an yi ta a bayan idonmu, wasu ma a gabanmu. Cewa ake yi, a ƙasar da ake auna damtsen yara da tef saboda tamowa, mutum ya kwashi miliyoyi ya kai Masar don a rage masa ciki, sannan a ce a tausaya masa don yana shan romo? Ai wasu romon ma ba su samu ba. Ba zan ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ba, ni kaina ta sosa mini rai, kuma har yanzu ban gama sasanta ta da zuciyata ba. Kuɗin da aka kashe zai ciyar da gidaje da yawa. Amma kuma na ga abu biyu. Na farko, ƙiba ta daina zama ciwon attajiran Turai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ita, kuma wanda yake zuwa asibitocinmu ya san yadda layin masu ciwon sukari da hawan jini yake tsawo, cikinsu har da waɗanda ba su da ko keke. Mu da muka yi shekaru muna yi wa Yaya kirari da tumbinsa, muna dura masa, ba mu ne ya kamata mu fara jifansa ba. Na biyu, wata ma'aikaciyar lafiya da na koyar a aji uku ta gaya mini yadda ake karɓar yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa. Ba a cika masa ciki, domin yin haka yana iya kashe shi. Wata madara ta musamman ake ba shi, mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, har jiki ya farfaɗo. Ta ce babban aikinsu shi ne lallashin uwa kada ta ɗura masa kunu a ɓoye. Na yi shiru ina jinjina abin. Ɗan da yunwa ta kayar da Alhajin da ƙoshi ya kayar, ga su a kwance ana ba su da cokali, ga kuma uwa a gefe tana fama da hannunta. Wanda ya iya tausayin ɗaya, ban ga abin da zai hana shi tausayin ɗayan ba.

Bari in ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa. A cikin littattafanmu na hikaya, tun daga zamanin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yanzu, idan ana son nuna mutum ya yi arziki sai a ba shi tumbi, in ana son a nuna shi mugu ne sai a ƙara masa girman tumbin. Idan an zo wurin abinci kuwa, sai a jera mana sunayen girke-girke shafi guda, ba tare da an nuna abin da kwanon yake faɗa tsakanin mai dafawa da mai ci ba. Jinya ma layi biyu ce: aka kai shi asibiti, aka yi masa aiki, ya warke. Alhali kuwa labarin yana cikin kwanakin nan da muke tsallakewa. A mako uku na ga halayen mutanen gidanmu fiye da yadda na gani a shekara ashirin.

Washegari bayan asuba na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da ta fashe aka ɗinke, na ce, "Inna, in an ɗinke ƙwarya yau, ana zuba mata dutse?" Ta ce, "Wane mahaukaci?" Na ce to haka cikin yake, an ɗinke shi, kuma ya koma kamar ludayi. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "To me ya hana ka faɗa mini haka? Ka ce kamar mai jego ne, ko yaron yaye." Ta tambayi abin da aka yarda ya sha, na lissafa mata. Da na zo kan romo sai ta tsayar da ni, ta ce wa yake dafawa? Na ce uwargidansa. Ta ce, "Daga yau a kawo mini kazar."

Ban taɓa ganin an yi wa romo hidima irin wannan ba. Takan sa a yanka kaza tun da safe, ta feɗe fatar da kanta, ta ɗora a tukunyar ƙasa da wuta kaɗan har ƙashi ya yi laushi. Ta sauke ta bar shi ya huce, ta yaɗe kitsen da ya taso da ludayi, ta tace da rariya, ta sake tacewa da farin ƙyalle sabo, sannan ta ɗaga kofin a hasken rana ta duba ko akwai abin da ya tsallake. Naman kuwa jikoki su yi ta shagali. Haka ta karɓe aikin kindirmo da na koko. Da baƙi suka zo da kwanoninsu, ba ni ne mai tsaron ƙofa ba kuma, ita ce, kuma abin da na kasa da shafi huɗu ita da kalma biyar take gamawa: "Ku ci, ku yi addu'a." Gwaggon nan da ta zarge ni da boko, a gabana ta zauna ta cinye farfesun da ta kawo, tana ci tana sa albarka.

Shi ma Yaya ya sauya dabara. Ya daina ɓuya a ɗaki lokacin ciyayya. Bayan magariba sai ya sa a fitar masa da kujera zaure, ya wanke hannu kamar kowa, ya riƙe kofinsa da ɗan cokali. Kwana biyun farko mutane sun takura, kowa yana cin tuwo kamar mai sata, har sai da wani abokin wasansa ya ce, "Alhaji, bisimilla, ko kuwa yau ma azumin jarirai ake?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, yana dafe da ciki yana roƙon a bari don ɗinki. Ba zan ce daga nan komai ya yi daɗi ba. Akwai ranakun da ƙamshin romon kansa yake tayar masa da zuciya, akwai ranar da ya ce da ya sani da bai yarda an yi aikin ba, ga iskar hunturu tana busar da leɓe, ruwan da ake so ya sha kuma ba ya shiga sai da lissafi. Mun dai riƙa ƙirga kwanaki a bango da alli.

Da mako uku ya cika likita ya ba da izinin abu mai laushi, sai aka yi shawarar a fara da alale, wanda aka surfa wakensa aka cire dusa, ba yaji, ba mai sai ɗis, a dama shi da romo. Inna ce ta yi. Ta zuba cokali uku a ɗan kwanon nan dai na ranar, ta miƙo mini, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka kai wa wancan. Ka ce ya ci a hankali, ba kora ake yi ba. In ya ji ya isa, ya bari, ba sai ya cinye ba."

Ya ɗauki kusan rabin awa yana ci. Cokali biyu ya iya, na ukun ya gagara. Na ɗauki kwanon na mayar, ina tunanin abin da zan ce mata. Ta buɗe murfin, ta dubi ragowar, ta kira ƙaramar jikarta ta ba ta, sannan ta tambaye ni ko gobe kabewa za a dama masa ko kuwa ƙwai.